Ina Gonar Kakanmu Ta Tafi? Yadda Ƙasar Zazzau Ke Taruwa a Hannun 'Yan Kaɗan

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan wani ƙauye ne a hanyar Giwa. Tsofaffinmu suna ba mu labari cewa gonar kakanmu sai a kwana uku ana huɗa da shanu ba a ga ƙarshenta ba. Yau mu jikokinsa mun haura talatin, yawancinmu sai mun kama haya muke noma. Ga kuma wani makeken fili a bayan gari an zagaye shi da waya, an ce na wani babban mutum ne da ko fuskarsa ba mu taɓa gani ba. Wani abokina ya ce ai tun fil azal ƙasa ta sarakuna ce. Wani kuma ya ce dokar soja ta 1978 ce ta ƙwace mana. Wanne ne gaskiya? Kuma da abin da za mu iya yi da ɗan abin da ya rage?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Idan na fahimce ka, abu biyu ne suka tsaya maka a rai: yadda aka yi gonar gidanku ta ƙanƙance, da yadda aka yi ta wancan bawan Allah ta yi faɗi. Ka yi daidai da ka haɗa su wuri guda, domin abin da ya fita daga hannunku ba sama ya tashi ba, hannun wani ya koma. Na shafe fiye da shekara talatin ina aikin awon filaye a ƙasar Zazzau, na ja igiya a tudu da fadama, na zauna a zaurukan masu unguwa ana rabon gado har fitila ta mutu. Abin da na gani shi ne kowane daga cikin abokan nan naka ya kama wani ɓangare na maganar ya saki sauran. A kowane zamani, wanda ya fi kusa da mai ikon raba ƙasa shi ke samun kaso mai tsoka. Mai ikon ne yake sauyawa, da kuma irin hujjar da ake karɓa.

Zamanin da mutum ya fi ƙasa tsada

Abin da matasa ba sa iya kwatantawa a ransu shi ne a da ƙasa ba ta da wuya. Daji ne ko'ina. Baƙo zai zo ya gaida sarkin gari da ɗan goro, a nuna masa saura ko dawa, ya sa gatari ya yi sassabe, gona ta zama tasa da 'ya'yansa muddin suna noma ta. In ya yi ƙaura ya bar ta, ta koma hannun gari. Shari'a ma haka ta tanada, don hadisi ya zo cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu musamman a kan wannan mas'ala. Har a cikin ganuwar birnin Zariya akwai gonaki masu yawa, saboda in an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci.

Tunda ƙasa a banza take, arzikin mutum shi ne yawan hannun da za su riƙe masa garma. Ko harajin da ake karɓa a Zazzau ya nuna haka, domin kuɗin garma ake biya, wato a kan mai noman ake ƙirga, ba a kan faɗin gonar ba. Talaka yana tara hannu ta hanyar gandu: uba da 'ya'yansa da ƙannensa su yi aiki a gona ɗaya, a ci daga rumbu ɗaya, kowane saurayi a yanka masa gayauna ya riƙa taɓawa da yamma. Ina kyautata zaton gonar kakanku irin wannan ce. Girmanta na yawan mutanen gidan ne.

Masu sarauta kuwa da bayi suke tara hannu, kuma wannan babi ne da ba a son buɗewa, amma babu yadda za a fahimci ƙasar Zazzau ba tare da shi ba. Bayan Malam Musa, mai riƙe da tutar jihadin Shehu Usmanu, ya ci Zariya a 1808, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu, sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarakuna da manyan masu sarauta da attajirai suka yi ta kafa rumada (jam'in rinji), ƙauyukan da bayi ke zaune suna noma wa ubangidansu. Yawancin bayin nan daga yaƙe-yaƙe da hare-haren da ake kaiwa kudancin ƙasar aka samo su. Wani rinjin na gida ne, ana gadonsa. Wani na rawani ne, duk wanda aka naɗa shi ke ci, ran da aka tuɓe shi ya bar wa magajinsa. Garuruwa kuma an rarraba wa masu sarauta, suna zaune a birni, jakadunsu na zuwa karɓar haraji da zakka.

To ka ga abokinka na farko yana da ɗan abin kamawa. Amma ya yi ƙari. Sarki mai riƙon amanar ƙasa ne da raba ta, ba mamallakin kowace gona ba. Talakan da ya sare dajinsa yana biyan abin da ke kansa, ba a tashinsa haka kawai, in kuwa aka yi, kowa ya san sunan abin zalunci, kuma yana da makamin da ya fi ƙarfin hakimi: ya kwashe iyalinsa ya koma ƙasar wani. Sarkin da mutanensa suka watse ya talauce. Wannan makamin ne yau ya kuɓuce muku, domin babu sauran dajin da za a gudu a sare.

Turawa suka shigo da takarda

Turawa sun shiga Zariya a 1902, suka cire Sarki Kwasau suka kai shi Lakwaja. Suka ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, sannan a 1936 aka haramta bautar baki ɗaya. Bayi da yawa sun gudu. Waɗanda suka zauna da dimajai, 'ya'yan da aka haifa a gidan bauta, sun ci gaba da noma ƙasar da suka saba, sai dai a wurare da dama sun koma biyan galla ga iyayen gijinsu na da, dami kaza duk kaka. An 'yanta mutum, ba a ba shi ƙasar da ya yi wa hidima ba. Har na bar aiki ina cin karo da rigingimun da in ka tono su, a nan tushensu yake: wannan ya ce kakana ya sare wurin, wancan ya ce kakanka a rinjin kakana ya zauna.

A 1908 aka zaunar da kwamiti a Landan kan ƙasar Arewa, daga nan aka yi dokar 1910 wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Aka sabunta ta a 1916, gwamnatin Sardauna ta sake zuba ta a dokar 1962, ikon ya koma hannun minista. Dole a faɗi alherin wannan tsari: shi ya hana Turawa su yanki manyan gonaki su zauna kamar yadda suka yi a Kenya da Zimbabuwe. Ba don haka ba, da labarin da nake ba ka ya fi wannan ɗaci nesa ba kusa ba.

Sai dai ya zo da nasa. An fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowa a gundumarsa, ga 'yan doka, ga alƙali, ga littafin haraji. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, wanda ya kasa biya ya gudu, gonarsa tana hannun sarkin gari ya ba wanda ya ga dama. Gandun sarauta kuma da gayyar talakawa ake noma shi. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, auduga da gyaɗa suka yi kasuwa, daga baya taba ta biyo, gona ta fara zama abin da ake saye da sayarwa ko da a hukumance an ce ba a sayar da ita.

Akwai kuma wani mai cin ƙasa da ba a cika lissafa shi ba, wato ita kanta hukuma. Dubi abin da ke kewaye da Zariya: filin jirgin ƙasa, Sabon Gari da unguwar Turawa, barikin horar da sojoji tun 1924, gonar gwaji ta Samaru da aka buɗe a 1922, gonar dabbobi ta Shika, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 wadda filinta ya kai kimanin hekta 7,000, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964, barikin Basawa. Waɗannan wurare su ne darajar garinmu, ni ma a cikinsu na yi karatu, 'ya'yana ma haka. Amma kowane ɗaya a kan gonar wani yake zaune. A tsakiyar shekarun 1960 masu bincike daga Samaru sun zaɓi ƙauyuka uku don nazarin rayuwar manomi: Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi. Ka je Hanwa yau ka nemi gonakin da suka auna. Gidaje ne da katangu.

Dokar 1978

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da dokar amfani da ƙasa. Ga mutanen Kudu sabon abu ne, mu kuwa tsohuwar dokarmu ce aka faɗaɗa ta ta game Najeriya. Don haka abokinka na biyu ya yi kuskure da ya ce ita ta fara ƙwace muku. Dokar ma cewa ta yi wanda ke noma gonarsa kafin ranar ya ci gaba da riƙe ta kamar an ba shi izini. An kuma ce manufarta hana 'yan kaɗan tara fili, shi ya sa a cikin birni ta iyakance filin da ba a gina ba da mutum zai riƙe zuwa rabin hekta.

Amma ka lura da ƙofofin da ta bari a buɗe. Ƙasar jiha duka tana hannun gwamna. Shi ke da ikon shelanta cewa daga nan zuwa can birni ne, kuma da zarar layin ya haɗiye ƙauyenku, maganar filinku ta bar hannun ƙaramar hukuma. A karkara kuma, ƙaramar hukuma na iya ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai abin ya wuce haka ake neman amincewar gwamna. Hekta 500 ta haura eka 1,200. Gaya mini, wane manomi ne a ƙauyenku aka yi wa wannan tanadi? Gwamna yana kuma iya soke haƙƙin mutum don amfanin jama'a, diyyar da za a biya kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, amfanin gona, itatuwa. Ita ƙasar ba ta da farashi a idon doka.

Ba zan manta wani dattijo ba. An karɓi gonakinsu don wani aiki, aka tura mu ƙirga. Muka bi gonarsa muna rubutawa: mangwaro kaza, ɗorawa kaza, kuka ɗaya, dawar da ke tsaye. Yana biye da mu da carbi a hannu, yana nuna mana wadda mahaifinsa ya dasa. Da muka gama na karanta masa, sai ya yi shiru, ya ce, "To yaro, ƙasar fa? Ban ji ka faɗe ta ba." Na ce Baba, doka ba ta biyan kuɗin ƙasa. Ya duƙa ya damƙi turɓaya ya riƙe, bai sake cewa komai ba. Bayan 'yan shekaru na ga an yanka wani sashe na wurin fuloti-fuloti an raba wa mutanen da ba su san hanyar ƙauyen ba. Wannan abu har gobe yana cina.

Dokar ta zo daidai da lokacin kuɗin mai. An ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, juyin noma na Shagari a 1980, aikin Bankin Duniya na Funtuwa tun 1975. Taki mai rahusa, tarakta, bashin banki, duk suka fito. Banki kuwa ba ya karɓar shaidar mai unguwa, takardar mallaka ta gwamna yake nema. Wa ya san hanyar ofis? Babban ma'aikaci, hafsan soja mai ritaya, ɗan kwangila, ɗan sarauta. Sai ya sayi gonaki biyar ko goma a hannun mabuƙata, ya haɗa da hurumin gari ko makiyaya ta hannun wani mai rawani, ya auno, ya fito da takarda mai shekara 99, ya kai banki. Da yawansu ba noman ne ya dame su ba. Ajiya ce, suna jiran gari ya iso. Ina da yaƙinin in ka bi tarihin filin nan mai waya, za ka tarar da wani abu mai kama da haka. Burtali da makiyaya da aka haɗiye ta wannan hanya suna cikin abin da ya sa shanu ke faɗawa gonakinku, ku da Fulani kuna ta rigima a kan ragowar da aka bar muku.

An taɓa yunƙurin gyara. Balarabe Musa da ya hau gwamnan Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, ya kafa hukumar binciken filaye ta zaga jiha tana sauraron koken talakawa. Majalisa ta tsige shi a watan Yunin 1981 kafin aikin ya kai inda ake fata. Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran dokar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje. Har yau dokar tana nan, domin an ɗaure ta a cikin tsarin mulki, taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin.

Abin da ke cin gona daga cikin gida

Zan zama mai ha'inci in na ɗora komai a kan hukuma. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta ba da miliyan 140, ƙasa kuwa ko taƙi ba ta ƙaru ba. Gandu ya watse, uba na rasuwa kowa ya ce a ba shi nasa. Ka ɗauka kakanku ya bar eka 40. 'Ya'ya suka raba, jikoki suka sake rabawa, yanzu ga mutum talatin. Na sha auna rabon da ya fito siriri kamar zanin ɗaurawa, shanun huɗa ba su da inda za su juya. Wanda ya samu irin wannan ba za ta ciyar da shi ba, sai ciwo ya zo, ko aure, ko kuɗin makaranta, ko buhun taki ya gagara, dillali kuma yana bakin ƙofa. Attajiri ba ya buƙatar ƙwace. Jira kawai yake, yana tsinta ɗaya bayan ɗaya, ya share gambar da ke kan iyaka ya haɗe su.

Jingina ma ta cinye gonaki ba adadi. An karɓi kuɗi kaɗan a shekarar yunwa, ba rubutu, shaidu biyu duk sun rasu, 'ya'yan wanda ya karɓi jinginar suka tashi suna ganin gadonsu ne. Sai kuma kason mata. A gidaje da yawa yayye ke riƙe wa 'yan'uwansu mata da sunan kulawa, su aika da ɗan hatsi da kaka, ran da za a sayar ba a ko shawarce su ba. Wannan cin haƙƙi ne a cikin gida, kuma hadisin da ya yi gargaɗi kan cin taƙi ɗaya na ƙasa bai ware ɗan'uwa ba.

Abin da za ku iya yi

Fara da zama da dattawanku tun suna raye. Ku bi gonakin da ƙafa, ku rubuta wace ce gado, wace ce aro, wace ce jingina, a hannun wa take, tun yaushe. Wannan yana da muhimmanci a kotu. A mazhabar Malikiyya akwai hauzi: in bare ya riƙe gona shekara goma yana amfani da ita a kan idonka ba ka yi magana ba, ba kuma tare da uzuri ba, da'awarka ta raunana ƙwarai. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo. Amma hauzi ba ya cin abin da aka tabbatar aro ne ko haya ko jingina. Don haka gonar da kuka jinginar kuna iya fansarta ko an daɗe, matuƙar kuna da shaida. Duk wanda kuka ba aro daga yau, a rubuta, mai unguwa ya sa hannu, a riƙa sabuntawa.

Ragowar da ba a raba ba, shawarata kada ku yanka ta. A fitar wa kowa kasonsa a lissafi bisa shari'a, maza da mata, a rubuta, amma a bar ƙasar dunƙule, ku noma tare ko ku ba da haya ku raba kuɗin. Yin haka yana ba ku haƙƙin shuf'a: in ɗayanku ya matsu ya sayar da kasonsa ga bare, abokan tarayya suna da ikon su biya kuɗin su karɓe. Da an ja iyaka kowa ya ware, wannan haƙƙin ya faɗi. Na san wani gida da suka yi asusu don wannan kaɗai, kowa na zuba buhu ɗaya da kaka, duk wanda buƙata ta kama sai gida ya saye kasonsa ko ya karɓi jingina. Na auna musu wurin tun ina saurayin ma'aikaci, na koma bayan shekaru masu yawa na tarar da iyakar inda na bar ta.

Sannan ku yi takarda. Ku samo safiyo mai lasisi ya auna, ku kai hukumar KADGIS da ke rajistar filaye a jihar Kaduna, a sa sunayen magada ko na wakilan da kuka amince da su a rubuce. Akwai kashe kuɗi da zirga-zirga, amma ya fi shari'ar shekara goma sauƙi. In kuma wata rana wani ya zo muku da takardar gwamna a kan gonar da kuke nomawa tun kafin 1978, kada gwiwarku ta yi sanyi. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukunci cewa takardar mallaka ba ta shafe haƙƙin wanda ya riga, muddin ba a soke nasa ta hanyar da doka ta shimfiɗa ba.

Kada in sa maka rai fiye da kima, ɗana. Takarda tana kare ku daga maƙwabci da dillali da ɗan'uwa mai son zuciya, amma ba ta hana gwamna karɓa in ya ce amfanin jama'a ne, sai dai ta ƙarfafa ku wajen neman diyya. Gonar da iyayenku suka sayar da hannunsu a gaban shaidu kuwa ta tafi, kada wani ya ci kuɗinku da alkawarin dawo da ita. Ni ma'auni ne, ba alƙali ba, don haka maganar hauzi da shuf'a da rabon gado ku kai wa malamin da ya san fiƙihu da lauyan da ya saba shari'ar ƙasa, su dubi takamaiman halinku. Filin nan mai waya kuma, in kuna zargin ya ci hurumin gari ko maƙabarta ko burtali, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ku haɗu da ƙungiyar ci gaban garinku da ardon Fulanin yankin, ku rubuta koke da sa hannun kowa, ku nemi lauya ya binciko sunan wa ke kan fayil ɗin, eka nawa aka ba shi, da kuma ko abin da ya zagaye ya yi daidai da abin da ke cikin taswira. A aikina na sha tarar da waya ta zarce takarda. Ku fara da tsohon da ya fi kowa shekaru a gidanku, ku tafi da wayar hannu ku naɗi muryarsa yana nuna iyaka, kafin damina ta rufe alamomin.